Rasuwar Tillie, Jita Mai Laba Ashirin da Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai cike da tsohon ciwo, Mista Delmer Kubena na ƙauyen Cedar Switch a jihar Texas, tare da mai ɗakinsa Verlene, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu zuwa rawar Lahadi rasuwar jitarsa mai feda, wadda aka fi sani da Tillie. Ta rasu ranar Lahadin da ta wuce da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a bakin aiki, a gaban mutum kusan ɗari biyu, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ta kai minti ɗaya ba. Ta bar duniya tana da shekara goma sha ɗaya. Nauyinta ranar da ta zo laba ashirin da shida ne, ranar da ta tafi ma haka, in an haɗa da guntayen da aka tsinto a ƙarƙashin kujeru.

Mai makokin ya so ya rubuta wannan sanarwa da hannunsa. Sau uku yana zama da biro, sau uku yana tashi ya tafi bayan gida wai duba famfo, alhali lafiyar famfon ƙalau. Daga ƙarshe ya bar wa maƙwabta rubutun, da sharaɗi guda: a faɗi gaskiya duka, har da wurin da ba ya so a faɗa. To, za a faɗa.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar ganinta ba, marigayiya ba irin jitar nan ba ce da samari ke ratayawa a wuya suna tsalle-tsalle. Ita mai kamun kai ce. A tsaye take bisa ƙafa huɗu kamar ƙaramin tebur, tsirkiya goma kwance a bayanta, feda uku a ƙasa, ga wasu ƙarafa huɗu na reto a ƙarƙashinta waɗanda ake turawa da gwiwa. Mai ita zama yake yi a gabanta kamar tela da kekensa: hannun hagu na zamar da guntun ƙarfe a kan tsirkiya, na dama na tsakura, ƙafa na taka feda, gwiwa na tura hagu da dama. Duk gaɓar da Allah Ya ba mutum sai ta yi aiki, ban da baki. Shi ya sa in ka ga Delmer a dandamali ya sunkuyar da kai ya murtuke fuska, ba fushi yake da kowa ba, aiki ne ya yi masa yawa.

Kafin zuwanta, Delmer mutum ne mai aƙida, kuma aƙidar ita ce wadda duk masu wannan kiɗa na zamaninsa suka tashi a kai: ingancin jita a nauyinta yake. Har gobe haka suke gwaji. In an kawo sabuwa wurin taron da suke yi kowace shekara, babu mai cewa a kaɗa a ji. Sai dattijo ya zo ya sa hannu a ƙarƙashin gefe ɗaya ya ɗan cira. In ya ji jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ya gyaɗa kai ya ce, “Wannan da murya a cikinta.” In ta taso masa ba gardama, sai ya goge hannu a wando ya wuce. Shekara arba'in da ɗaya Delmer yana jan wata ƙatuwar jita mai wuya biyu, laba tamanin da akwatinta, daga bayan a-kori-kura zuwa dandamali, daga dandamali zuwa bayan a-kori-kura, yana nishi yana alfahari. In wani ya kawo hannu zai taya shi, sai ya ce a bari, ai kayan maza ne.

Ranar da kayan mazan suka gama da shi, sunkuyawa ya yi zai ɗauka, ya kasa miƙewa. Haka aka sa shi a mota a duƙe, haka aka shiga da shi asibiti a duƙe, duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya dubi ƙasa ko wani abu ne ya faɗi. Bayan an yi masa aiki likita ya zauna a bakin gado ya ce, “Mista Kubena, daga yau kada ka ƙara ɗaga abin da ya wuce laba talatin. Ko jitar nan, ko tafiya da ƙafafunka. Zaɓi ɗaya.” Delmer ya daɗe yana tunani. Likitan ya faɗa wa Verlene daga baya cewa tsawon tunanin nan ya ba shi tsoro.

Ƙatuwar aka bai wa wani mai sauran ƙuruciya, wanda muka ji shi ma yanzu a karkace yake tafiya. Delmer ya dawo gida ya zauna. Shekararsa sittin da biyar a lokacin, kuma duk wanda ya leƙa shi ya san abin da ke cinsa ba bayan ba ne. Kujerarsa ce a ƙungiyar kiɗan Hoyt Lemke, wadda ke kiɗan rawar yammacin Lahadi a zauren ƙauyenmu tun suna samari. Mutumin nan in ka cire shi daga kujerar nan, wallahi bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Ranar Lahadi ƙarfe uku na bugawa sai ka ga gwiwarsa tana motsi ita kaɗai a ƙarƙashin teburin cin abinci.

Verlene ce ta gaji da kallon gwiwar. Ba ta yi shawara da kowa ba ta tafi wurin Royce Tiemann, mai gyaran injin ban ruwa wanda ke ƙera jita a rumfar bayan gidansa in ya sami sarari. Ta ce masa, “Royce, ka yi masa wadda ba za ta kai laba talatin ba, kuma ka yi ta a juye irin tasa.” Domin Delmer a jitar kawunsa ya koya, kawun kuwa a baibai ya haɗa fedojinsa da ƙarafan gwiwa bai sani ba, ƙafafun Delmer suka haddace kuskuren suka zauna a kai. In ka zaunar da shi gaban jitar wani, sai ka rantse yau ya fara. Wata biyar Royce yana goge alminiyam da katako marar nauyi yana aunawa a ma'aunin kaji. A wannan rumfa aka haifi marigayiya.

Ranar da ta shigo gida, Verlene ce ta ɗauko ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ledar cefane. Delmer ya dube ta daga kan kujera ya ce, “Akwatin na gani, Mama. Ina jitar?”

Ta ce, “Tana ciki, Baban yara.”

“To mayar masa. Abin da mace ta ɗauko da hannu ɗaya ba shi da abin da zai gaya mini.”

“Ni ma da hannu ɗaya nake ɗauko maka abinci, ban ga ka mayar ba.”

Kwana tara jitar tana tsaye a falo, yana kewaye ta kamar baƙuwar da ba a gabatar ba. Safiyar kwana na goma Verlene na shanya a waje ta ji wani abu ya taso daga cikin gida, a hankali, waaa-uuu, ya hau sama ya ɗan tsaya yana rawa, sannan ya sauko kamar mai ajiyar zuciya. Ta shigo ta tarar da shi zaune gabanta, fuska sharkaf. Ya ce albasar da ta yanka jiya ce. Ranar ya raɗa mata suna Tillie, sunan wata goggonsa 'yar firit da ta fi kowa murya a coci.

Halayen marigayiya na kirki ba za su ƙirgu ba, amma ga kaɗan. Ba ta da ƙiwa: minti shida an haɗa ta, an ɗaura ƙafafu, an maƙala fedoji, an juyo ta ta tsaya. Ba ta da raki: zafin watan Agusta da ke sa manyan jitoci su saki murya kamar an bar man shanu a rana, ita ko a jikinta. Ba ta taɓa karya wa kowa ƙugu ba, ba ta taɓa ɓare fentin ƙofar mutane ba, ba ta taɓa sa an roƙi suruki ya zo ya kama ba. Ga kuka. Kai, Tillie ta iya kuka! In Delmer ya taka feda biyu ya sake ɗaya a hankali, takan yi wani iiii-yaaa siriri da ke shiga mutum ta ƙeya. Akwai wani dillalin shanu a garin nan da bai zubar da hawaye ranar binne mahaifinsa ba, an gan shi Lahadi biyu a jere yana fyace hanci a bakin taga saboda ita. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara wa Delmer a kan kujerarsa bayan likita ya sallame shi daga sana'a, kuma ko Lahadi ɗaya ba ta ce ta gaji ba.

Amma mai makoki ya ce a auna ta da gaskiya, kada a yi mata ƙaryar da ake wa mamata. To, manyan tsirkiyoyinta ba su da kaurin muryar ƙatuwar da ta gabace ta, wannan kowa ya sani. Fedojinta kuma na da 'yar ƙara, ƙwas-ƙwas, wadda na teburin gaba kan ji. Sai babban aibinta, wanda daga alherinta ya fito: yawo. Jita mai laba tamanin in ka tura ta da gwiwa, ƙarfen ne zai motsa, ita tana nan. Tillie kuwa ba ta da musu. Ka tura hagu, ta ce to, ta tafi hagu gaba ɗayanta. Lahadinta ta farko a zaure sai da ta yi tafiyar kamu biyu ta nufi mai ganga, Delmer na biye da ita da kujera yana ja da gindi, bai fasa kiɗa ba. Washegari ya yanko wata igiyar fata daga tsohon sirdi, ya riƙa ɗaure ƙafafunta na baya a jikin kujerarsa. Nauyinsa ya zama nata. Daga ranar ba ta ƙara zuwa ko'ina ba sai da izini.

A nan ne dole a ambaci Wilbert Janda. Wilbert sa'an Delmer ne, daga wani gari mai tafiyar awa biyu, mai kiɗan irin wannan jita, kuma tun suna da gashi suke auna juna. Shi har lokacin yana nan da tasa ƙatuwar, surukansa biyu na ɗaukar masa. Shekarar farko da Delmer ya kai Tillie taron shekara, Wilbert ya zo ya sa yatsa biyu, yatsa biyu fa, ya cira ta har ƙafa biyu suka bar ƙasa. Ya juyo ya ce, “Del, wannan ta kiɗa ce, ko teburin gugar Verlene ka ɗauko bisa kuskure?” Aka kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa, “Ka dai riƙa ɗaure ta kamar akuya, mutumina, kada iska ta kai maka ita jihar Oklahoma.” Wilbert bai san komai game da igiya ba, bakinsa ne kawai ya faɗa daidai. Amma igiyar na cikin aljihun Delmer a lokacin, kuma ya ce ji ya yi kamar ta yi motsi. Delmer bai ƙara zuwa taron ba. Shekara goma maganar akuyar nan na zaune a maƙogwaronsa.

Yanzu sai ciwon ajali.

Lahadin da ta wuce an cika zaure, domin rawar bikin coci ce. Verlene na can tagar kicin tana miƙa gurasar kolaci da shayi mai ƙanƙara, ba ta ganin dandamali. Delmer ya haɗa Tillie a wurinta na kullum, can gefen hagu daf da baki, ya durƙusa a hankali yadda likita ya koya masa, ya ɗaure ƙafa ɗaya, yana cikin ɗaure ta biyu sai ya ɗaga kai. Wa zai gani? Wilbert Janda, da farar hula, ya ja kujera a tebur na farko ya zauna ya harɗe hannu. Kuma ba fuskar Delmer yake kallo ba. Ƙafafun jitar yake kallo.

Delmer ya ji kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa. Dattijo mai shekara saba'in da shida, mai jikoki bakwai, ya juya baya ya kare da jikinsa, ya kwance igiyar ya cusa a aljihu kamar wanda ya saci nama a tukunya. Hoyt Lemke na gyara makirufo ya hango shi, ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, “Del, me kake yi haka?”

“Yau ba ta buƙata.”

“Ita ta gaya maka?”

“Kai dai yi waƙarka, tsoho.”

“To. Ni dai ba ni da hannun kamawa, jita na riƙe.”

Akwai kuma abin da su duka biyun ba su sani ba. Kowa ya san ana barbaɗa hodar santsi a daɓen katako kafin rawa don takalma su riƙa sulɓi, kowa kuma ya san ba a kai ta dandamali. Kowa ban da sabon mai kula da zauren, bawan Allah mai son a yaba masa, wanda da safe ya ga hoda ta rage a gwangwani ya ce bai kamata masu kiɗa su rasa rabonsu ba.

Awa guda Delmer ya yi yana lallaɓa ta. Gwiwa na taɓa ƙarfe kamar mai shafa kan jinjiri, gumi na bin bayansa, Tillie na ɗan matsawa yana janyo ta da gefen takalmi. Da ya ci gaba da haka da yanzu ba mu rubuta wannan ba. Amma bayan an ɗan huta Hoyt ya ɗauko wata waƙa mai sanyi ta masu rawa biyu-biyu, ya kai tsakiya ya gyaɗa wa Delmer kai, alamar fili nasa ne. Delmer ya saci kallon tebur na farko, ya ga Wilbert ya warware hannu ya duƙo gaba. Nan take shekara goma suka hau masa kai. Ya ce a ransa yau sai mutumin nan ya ji abin da teburin guga ke iyawa. Ya taka feda biyu har ƙasa, ya zamar da ƙarfe sama, ya tura gwiwar hagu da dukkan zuciyarsa.

Duk wanda ke zauren zai shaida marigayiya ba ta taɓa yin murya irin ta wannan lokaci ba. Ta ɗauko waaaa daga can ƙasa ta kai shi inda ba ta taɓa kaiwa ba, ta riƙe shi, masu rawa suka rage tafiya. Tana cikin riƙonsa ta kama hanya. Sululu, a natse, ba gaggawa, ƙafa huɗu a jere, tana tafiya tana kuka. Delmer na zaune hannu biyu a sama bisa iska, idonsa a rufe, bai ma san ta bar shi ba. Ƙafafunta biyu suka wuce bakin dandamali, ta ɗan tsaya kamar mai sallama, sannan rugum! Tsirkiyoyi suka ce tas, tas, tas. Guda ɗaya ta rage tana nnnnn a lasifika, tana raguwa, tana raguwa, har wayar ta zare. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe. Wasu tsofaffi biyu da kunnensu ya yi nisa sai da suka ƙara kewaya zauren sau ɗaya kafin aka tsayar da su.

Delmer bai iya duƙawa da sauri ba, don haka mutane ne suka tattaro ta yana tsaye yana kallo. Sai ga Wilbert ya taso, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya tsaya kusa da shi. Delmer ya dafe zuciyarsa yana jiran maganar Oklahoma. Wilbert ya ce, “Del, ina igiyar?”

Delmer ya ce, “Wace igiya?”

“Haba Del. An ce mini kana da wata dabarar ɗaure ta da kujera. Ita na yi tafiyar awa biyu in gani. Surukaina sun ce sun gaji, ɗaya ma ya koma birnin Houston don ya huta da ni. Nawa bayan ya tafi tun bara. So nake in sayi mai sauƙi irin taka, na ce bari in zo in ga yadda kake hana ta yawo. Tun ɗazu nake leƙen ƙafafunta ban ga komai ba.” Ya dubi tarkacen ya girgiza kai. “Kuma tsakani da Allah, shekara hamsin ina kiɗan nan ban taɓa jin kuka irin wanda ta yi yanzu ba. Tawa ba ta iya shi.”

Delmer ya sa hannu a aljihu ya zaro igiyar ya nuna masa. Su biyu suka tsaya suna kallonta. Verlene ta iso da tire a hannu, ta dubi igiya, ta dubi gawa, ta dubi mijinta, ta ce, “Delmer Kubena.” Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya ce da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar Litinin aka kai ta wurin Royce Tiemann. Royce ya daina ƙira shekara huɗu ke nan, idanunsa sun tafi, da hannu ya duba ta. Ya bi jikinta da yatsu tun daga kai har gindi, ya tsaya a wata tsaga, ya bi ta, ya ga ba ta ƙare ba sai da jitar ta ƙare. Ya ce, “Del, ko na liƙa ta ba za ta ƙara riƙe murya ba. Ka yi haƙuri, ta tafi.”

“To ka ƙera mini wata.”

“Da wane idon?”

An bincika ko'ina. Masu sauƙin nauyi da ake samu a kanti a ƙulle suke zuwa, ba a juya musu feda, ƙafafun Delmer kuwa sun tsufa da koyon daidai. Masu ƙera ta yadda mutum yake so suna nan, amma wanda ya fi kowa sauri ya ce a shiga layi, wata goma sha takwas. Delmer ya ajiye waya ya ce, “Wata goma sha takwas! Ni da likita ba ya ba ni ranar dawowa da ta wuce wata uku.”

Ranar Laraba da hantsi Hoyt ya zo gida. Ya ƙi zama, ya tsaya a baranda yana juya hula a hannu, ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar farashin ciyawa, sai da Delmer ya ce, “Faɗi abin da ya kawo ka, Hoyt, hular za ta lalace.”

“Del, ba zan iya barin kujerar nan ba kowa shekara ɗaya da rabi ba. Mutane don kukan nan suke zuwa.”

“Na sani.”

“Akwai wata malamar makaranta a garin gaba, tana da tata jitar.”

“Ta iya?”

Hoyt ya dubi takalminsa. “Ta iya, Del.”

“Ai da ka ce da dama-dama, ko don zumunci.”

Suka yi dariya su biyu, irin wadda ba ta kai ciki. Da motar Hoyt ta fice, Delmer ya zauna a matakalar baranda ya yi kuka sosai, kuma wannan karon bai ɗora wa albasa ba. Shekara hamsin da biyu a kujera ɗaya, ba ciwo ne ya tashe shi ba, ba tsufa ba, kunyar mutumin da ya zo koyo a wurinsa ce. Wannan shi ne wurin da ya ce a faɗa, an kuwa faɗa.

Marigayiya ta rasu ta bar kujera guda, wadda suka yi shekara goma sha ɗaya ƙafa da ƙafa. Da guntun ƙarfen zamiya, wanda aka ɓamɓare daga hannun mai makoki da ƙyar. Da lasifika, wadda tun ranar ba ta ce komai ba. Da igiyar fata, wadda ba ta da laifi kuma ta san haka. Ta bar tsirkiya ɗaya mai rai daga cikin goma. Ta kuma bar Delmer.

Iyali na godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa, suna kuma roƙon abu kaɗan. Kada a ƙara ce wa mai makoki ai kaya ne, a sayi wani. Wanda ya faɗi haka jiya an raka shi har mota. Kada dattawan sana'a su sa hannu su cira akwatin gawa don jin nauyi, an gama wannan gwaji. Verlene kuma ta ce don Allah a dakata da kawo dafaffen wake, babu sauran wuri a firji.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan gidan Kubena, gindin bishiyar da ke kusa da rumfar kaji. A akwatinta za a sa ta. Faston cocinmu ya ce littafinsa bai tanadi addu'ar jita ba, amma zai zo a matsayin maƙwabci, musamman in akwai gasasshen nama. Wilbert Janda ya nemi ya yi jawabi, an ba shi minti biyu, Verlene ce mai riƙe agogo. Mutum shida sun ba da sunansu don ɗaukar gawa, an gode musu, mai makoki ya ce shi kaɗai zai kai ta. Allah Ya ba shi haƙurin rashi, Ya ba mu ma da za mu zauna da shi.

Ba za a yi zaman makoki ranar Lahadi ba. Rawa na nan a zaure kamar kullum, da sabuwar mai kiɗa a gefen hagu, kuma Delmer zai zo. Ta ƙofar gaba zai shigo, inda bai taɓa bi ba, hannu babu kaya. Ana roƙon jama'a su bar masa ɗan fili a tsakar daɓe, su kuma kawar da kai, domin mai makoki bai iya rawa ba. Rabin ƙarni yana sa garin nan rawa da ƙafa biyu da gwiwa biyu, duk a zaune, bai taɓa taka ko guda a tsaye ba. Jiya ya gaya wa Verlene haka a kicin, yana sunkuyar da kai kamar mai tona asiri. Ta ce, “Yau na sani? Ranar aurenmu ma kai ka yi kiɗan, da kawuna na yi rawar amarya.” Ta riga ta kai takalmanta an sa musu sabuwar dunduniya. Ta ce shekara hamsin da ɗaya ta jira, ko a kan ƙafarta zai yi rawar ta yarda, amma ƙarfe uku daidai take so a fara.